Dabba Mai Bille

Ranar Litinin da hantsi wuta ta tashi a kicin ɗin Mastura, a bene na biyu na wani tsohon gida a unguwar Mahjar da ke Jidda. Ba fashewa tukunyar gas ɗin ta yi ba, da ta fashe da ba wannan labarin muke ba. Tsagewa ta yi a wuya, gas ya yi ta fita a hankali, Mastura kuwa ta ƙyasta ashana za ta ɗora tandar masa. Kafin maƙwabta su jiƙa bargo su danne wutar, hannunta na dama ya ƙone daga yatsu har gwiwar hannu.

Mutanen Mahjar ba sa jiran alƙali. Ana fitowa da tukunyar tsakiyar layi kowa ya ga abin da wuta ta tona: shuɗin fentin ya kumbura ya ɓare, a ƙarƙashinsa kuma ruwan toka ne, kalar tsohon kamfani, wadda aka kwashe daga gidajen mutane shekara uku da suka wuce. Wani ya shafa wa matacciyar tukunya sabon fenti ya turo ta cikin masu rai. Wa ya kawo ta gidan? Mailafiya, direban motar gas, mutumin Gusau da ya zo aikin kwangila shekara biyu ke nan. Nan take aka tare motarsa a bakin masallaci, kowa ya zaro makulli yana kankare tukwane, aka samu wasu biyu masu ruwan toka a ƙasan shuɗi. Shi ke nan, baƙo ya samu jakar tsaba a wuya.

Umda Bandar, mai unguwa, shi ya ƙwace shi daga hannun jama'a. Ya ce 'yan sanda sun nemi rahoton wanda ya san tukwane, don haka ranar Laraba bayan la'asar zai miƙa musu rahoto da mai laifi tare. Kamfanin jigilar da ke kafilin Mailafiya, wato wanda ya tsaya masa ya shigo ƙasar, shi ma bai tsaya jin ba'asi ba, ta waya ya aiko cewa da zarar an miƙa shi za a soke iƙamarsa, takardar izinin zamansa. Kurkuku tukuna, sannan jirgi.

Wanda ya san tukwane kuwa mutum ɗaya ne a Mahjar, kuma yayan Mastura ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

* * *

Sunansa na yanka Hamad, amma shekara ashirin ya yi yana mataimakin shugaban sashen duba tukwane ba a taɓa ɗaga shi ba, har Na'ibi ya bi shi ya danne sunan. A tsohon kamfanin gas na gwamnati ya ƙare ƙuruciyarsa, wanda mutane ke kira Sharika kawai, kamar babu wata a duniya. Aikinsa biyu ne: duba tukwane, da bin sawun waɗanda suka ɓata. A Jidda dabba ake ce wa tukunyar gas, shi ya sa abokai ke tsokanarsa wai kakansa ya bar farauta a daji ya tako Hajji a ƙasa, jika kuma ya gaji bin sawun dabba a kan kwalta.

Shekara shida da suka wuce aka sayar wa 'yan kasuwa Sharika. Bayan shekara uku su kuma suka raba ta uku kamar naman layya: ɗaya na cika gas, ɗaya na jigila, ɗaya na shaguna. Sashen duba tukwane ba wanda ya so shi, sai aka rufe. Tun ranar Na'ibi bai iya zama wuri ɗaya ba. Yana shan shayi ƙafarsa na kaɗawa, in ya shiga gidan mutane idonsa na kicin.

Ya iso layin ransa a ɓace, don ya ga hannun ƙanwarsa kafin a naɗe shi. Ya durƙusa gaban tukunyar, ya ƙwanƙwasa ta da zobensa ya saurara. Sannan ya karkata ta, ya zura yatsa a ƙarƙashin zoben ƙarfen da take tsayawa a kai, yana lalube kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. Abin da yake nema bai samu ba. A maimakonsa sai ya ji wani wuri sumul, faɗin farce, inda aka goge ƙarfen da zarto. Ya duba sauran biyun, haka suke. Ya miƙe, ya ce a kai su ɗakin Umda a kulle.

* * *

Mailafiya na zaune a kan tabarma a bayan ofishin Umda, leɓensa a fashe.

"Baba, wallahi yadda aka loda mini su a wurin cikawa haka na sauke. Ni ko burushin fenti ban taɓa riƙewa ba."

"Kowa haka yake faɗa," in ji Na'ibi. "Tashi. Ka ga tukunyar can ta bakin ƙofa? Kawo mini ita nan."

Mailafiya ya sunkuya ya cicciɓe ta ya ɗora a kafaɗa, ya kawo ya dire.

"Kullum haka kake ɗauka?"

"To da yaya, Baba? Bene huɗu nake hawa da ita."

"Ka san bille?"

Mailafiya ya kai hannu ya shafa kumatunsa, ya ce, "Ni ba a yi mini ba. Mahaifina dai yana da shi, nan daga karan hanci."

Na'ibi ya tsaya yana kallonsa. Da niyyar ya ga ɓarawo ya shigo, haushi kuma ya kama shi da bai gani ba. Mutum in an ƙona masa ƙanwa, yana son a ba shi fuskar da zai tsana.

"Kana da iyali?"

"Mata da 'ya'ya huɗu a gida. Da mahaifiyata. Baba, in aka sa ni a jirgi da sunan na ƙona mace, da wane ido zan shiga Gusau?"

Na'ibi ya sa takalmi ya fita.

* * *

Shagon gas na Mahjar a hannun Turki yake, saurayi haifaffen Jidda, jikan Kanawa, wanda ke jin Hausa sarai amma in zai mayar sai ya haɗa da Larabci rabi da rabi. Mutane sun fara raɗe-raɗin cewa an ga gwangwanayen shuɗin fenti a bayan shagonsa.

"Ya Ammi, wallahi fentin bango ne! Duba, duba da kanka," in ji Turki, yana kiran Na'ibi baffa da Larabci.

Na'ibi ya buɗe gwangwani ya shinshina, ya shafa a yatsa. Na bango ne, na ruwa, wanda ko kwana ɗaya ba zai yi a jikin ƙarfe ba. Ya goge hannu.

"In mutum ya kawo maka tukunya ba gas, me kake dubawa kafin ka karɓa?"

"Launi. In shuɗiya ce, halas, tamu ce."

"Wuyanta fa? Gindinta fa?"

"Ba aikinmu ba ne, ya Ammi. Mu sayarwa kawai. Masu jigila su ɗauka."

"Kira mini masu jigila."

Turki ya kira, ya sa a lasifika. Masu jigila suka ce su ɗauka suke su sauke, dubawa na masu cikawa ne. Aka kira masu cikawa. Wani mai sanyin murya ya ce su inji ne ke cika musu, duk tukunyar da ta shigo sun ɗauka shago ya riga ya tantance ta. Na'ibi ya tambaye shi wa ke kula da filin matattun tukwane da ke bayan tashar jiragen ruwa. Mutumin ya ce wane fili?

Na'ibi ya yi dariyar takaici. A zamanin Sharika hannu bakwai tukunya ke bi kafin ta shiga kicin ɗin mace, kuma in ta yi ɓarna an san kunnen da za a ja. Yanzu kamfani uku ne, kowa na nuna ɗan'uwansa da baki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bangon kuwa da hannu aka tsaga shi, har da walima.

* * *

Da safiyar Talata ya hau tasi zuwa Kurayyat, wurin Abdulbaƙi dillalin tsofaffin ƙarafa. In ƙarfe ya ɓata a kudancin Jidda, sunan Abdulbaƙi ake fara kira, kuma sau da yawa ba a yi masa ƙarya ba. Na'ibi ya zagaye filinsa sau biyu yana kallon ƙasa. Akwai tukwane, amma duk a yanke suke gida biyu, tsatsa ta cinye su, ciyawa ta fito ta tsakiyarsu.

"Ya sheikh, ka gama?" in ji Abdulbaƙi yana zuba masa gahawa. "Waɗannan tun zamaninku ne, da kuke matse su a inji ku aiko mini. Tun da aka raba Sharika ko ɗaya ban gani ba. Na je neman su sau uku. Masu cikawa suka ce injin nasu ne amma filin ba nasu ba. Masu jigila suka ce filin nasu ne amma kayan ciki ba nasu ba. Masu shaguna suka ce su makulli kawai aka ba su, kuma ya ɓata."

"To wa ke fito da su?"

"Ni dai mai yanka ne, ba mai tayar da matattu ba. Wanda zai zauna ya goge tukunya, ya wanke, ya shafa mata fenti hawa biyu har da bakin wuya, ba ɓarawo ba ne irin waɗanda na sani. Ɓarawo sauri yake yi. Wannan son ta yake."

Na'ibi ya juya ya dubi yankakkun tukwanen. Ya ajiye kofin bai shanye ba.

* * *

Makabarta ma'aikata ke kiran filin matattun tukwanen. Yana bayan rumbunan tashar jiragen ruwa, katanga ce ta bulo da ƙofar ƙarfe, a ciki tukwane masu ruwan toka sun fi ɗari uku a jere, duk waɗanda Na'ibi ya yanke wa hukunci a shekararsa ta ƙarshe. A zamanin Sharika ba fenti ake yi wa matacciyar tukunya ba, don fenti na rufuwa. Tsofaffin ma'aikata Hausawa ne suka ƙago dabara tun kafin Na'ibi: a sa kurfi da guduma a tsaga mata layi ɗaya a karkace a ƙarƙashin zoben gindi, inda ido ba ya gani sai yatsa. Suka sa masa suna bille. Ba a rubuta shi a kowace takarda ba. Duk ma'aikacin da tukunya ta biyo ta hannunsa sai ya zura yatsa, in ya ji bille ya ture ta gefe.

Mai gadin makabarta shi ne Saleh, abokin Na'ibi na shekara arba'in, kuma mijin Mastura. Da aka raba Sharika ba wanda ya ce masa ya ci gaba da gadi, ba wanda ya ce ya bari, sai ya ci gaba da zuwa kullum da butar shayinsa. Na'ibi ya same shi zaune a kan benci ya zabge, idanunsa jajur.

"Ka bar ta ita kaɗai ka zo nan?"

"Mata sun cika gidan. Ba na iya kallon hannun nan, Na'ibi." Ya share fuska da gefen rawani. "Zo ka ga inda suke shigowa."

Ya kai shi bayan fili, inda katanga ta rushe ta bar rami. Na'ibi ya durƙusa. Akwai sawun takalmi a ƙurar, shiga da fita, amma duk sawun mara nauyi ne, ba na wanda ya ɗauko ƙarfe ba. Bulon bakin ramin ba ƙwarzane ko ɗaya, alhali tukunya ba ta wuce rami irin wannan ba ta bar shaida ba. Ya ce, "Haka ne, ta nan ne," ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

A hanyar fita ya tsaya kamar zai gyara takalmi. An share gaban ƙofa tas, sharar tsintsiya har ta yi yawa. Amma daga waje, inda tsohon mai ya haɗu da ƙura ya yi danƙo, tsintsiya ba ta ci ba. A nan ya ga layi biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne yana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, da sawun mutum ɗaya a tsakiya.

Ya sunkuya ya sake dubawa. Wannan rawar tagwaye ce. A karkata tukunya biyu, ɗaya a kowane hannu, a riƙa murza su a kan gefen gindi suna tafiya da kansu. Sai mutum ya shekara yana fasa yatsun ƙafa kafin ya iya. Yaran yanzu kafaɗa suka sani da amalanke. A duk Jidda mutum huɗu ne kawai suka iya ta: ɗaya ya rasu bara, ɗaya yana Madina shanyewar jiki ta kwantar da shi, ɗaya shi ne Na'ibi.

Ya waiga. Saleh na tsaye a bakin ƙofa da butar shayi a hannu.

"Ba za ka sha ba?"

"Gobe," in ji Na'ibi. "Ka zo wurin Umda bayan la'asar, kai ne mai gida, dole a yi a gabanka."

* * *

Bai tafi gida ba. Ya bi titi a ƙasa cikin zafin rana, ya shiga masallaci ya fito, ya sayi ruwa ya manta shi a kan kanta. Zuciyarsa na ta kawo masa hanya. Sawu ai ba shaida ba ne, iska ma na share shi. In ya rubuta cewa ɓarayi ne suka shiga ta ramin katanga, ba a san su ba, wa zai ƙaryata shi? Amma ya san Umda, ya san 'yan sanda: in ba a samu kowa ba, wanda ke hannu shi ne mai laifi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba su faɗi abin da za ka yi ba in hannun naka ne ya shaƙe wuyan bawan Allah.

Da yamma ya hau benen Mastura. Tana kishingiɗe, hannun a naɗe a kan matashi.

"Yaya, an ce gobe za a miƙa direban."

"Haka aka ce."

"Ni ban yarda ba. Mutumin da ke hawo mini da dabba bene biyu, ya ɗaura mini, ya shafa kumfar sabulu ya ga ko tana yoyo? Ranar ma sauri na sa shi, na ce ya bari zan ɗaura da kaina." Ta gyara kwanciya tana cije leɓe. "Ka nemo mini mai gaskiyar laifin, ko wane ne. Ina so in san wanda zan yafe wa."

Na'ibi ya kalli ƙasa.

"Mata sun yi ta zuwa dubiya," ta ci gaba. "Tsofaffin layin baya har kuka suke, suna ta sa wa Saleh albarka. Wai lokacin da aka kwashe dabbobin Sharika aka ce kowa ya je shago da takardunsa ya karɓi shuɗiya, su da takardunsu ba su cika ba aka bar su da risho da gawayi. Wai shi ya samo musu, ɗaya bayan ɗaya, ko sisi bai karɓa ba. Ka ji mutumin nan, ko ni bai taɓa gaya wa ba."

Na'ibi ya ji kamar an ɗora masa tukunya a ƙirji. Ya yi mata sannu ya sauko, yana riƙe bango.

* * *

Ranar Laraba bayan la'asar aka shimfiɗa darduma a gaban ofishin Umda, inda dattawa ke zaman shayi. Turki ya zo da wayarsa a hannu, Abdulbaƙi ya zo yana mita an raba shi da kasuwa, aka fito da Mailafiya aka zaunar a gefe. Saleh ya zauna kusa da Umda. Jama'a suka yi zobe, motar 'yan sanda na tsaye a bakin layi.

"Yalla, Na'ibi," in ji Umda. "Ina rahoto?"

"Yana zuwa. A bari mu sha shayi tukuna, maƙogwarona ya bushe. Gas ɗin murhunka ya ƙare, na sa an kawo sababbi daga shago, ga su can a bakin ƙofa." Ya dafa ƙugu. "Saleh, bayana ya riƙe. Taimaka ka matso da su."

Tukwane biyu ne shuɗaye, ba ƙwarzane a jikinsu. Saleh ya tashi, hankalinsa na wani wuri. Ya karkata su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya murza, suka taho suna rawa a gefensa har gaban murhu. Da ya zo tsayar da su, yatsansa ya shiga ƙarƙashin zoben kowacce ya fito, yadda mutum ke shafa aljihu ba tare da ya sani ba. A ta biyun yatsan ya daɗe.

Na'ibi ya ja ta biyun, ya ɗaura mata tiyo, ya murɗa. Ya zaro ashana.

"Kar ka kunna!"

Saleh ne, ya riƙe masa wuyan hannu da ƙarfi har ashanar ta faɗi.

"Don me?" in ji Na'ibi a hankali. "Shuɗiya ce. Turki, ba taku ba ce?"

"Tamu ce, ya Ammi," in ji Turki.

"Abdulbaƙi, ka ga aibi a jikinta?"

"Ni ban ga komai ba."

"Mailafiya?"

"Baba, duk iri ɗaya suke a idona."

"To kai Saleh, me ka ji? Ba ta da bille."

"An goge," in ji Saleh. Sai da kalmar ta fita ya ji abin da ya faɗa.

Na'ibi ya saki tiyon. "Ba ko numfashin gas a cikinta, na zubar tun safe. Ɗaya ce daga cikin biyun da aka samu a motar Mailafiya, na rufe kankarar da fenti." Ya juya ga Umda ya yi masa bayanin bille, da sawun rawar tagwaye a ƙofar makabarta. "Ɓarawon waje fenti kawai zai shafa, don bai san akwai abin gogewa ba. Na tambayi direban nan bille, ya nuna mini kumatun ubansa. Wanda ya ɗauki zarto ya goge, tsoro yake kar wani ya zura yatsa a wurin cikawa ya ture ta gefe." Ya dubi Saleh, idonsa ya kawo ruwa. "Wa zai zura, Saleh? Shekara uku ba mai zura yatsa a ƙarƙashin tukunya a garin nan sai ni da kai. Ka ɓoye wa mutanen da ba su san akwai shi ba, ka bar mini sa hannunka."

Saleh ya zauna a ƙasa, ba a kan darduma ba.

"Tsofaffi ne, Na'ibi. Hajiya guda har tari ya kama ta saboda hayaƙin gawayi. Ga dabbobi ɗari uku a gabana kullum, ba mai su." Ya ɗago kai. "Kuma kai ka cika tsanani, kowa ya sani. Rabin waɗanda ka yi wa bille lafiyarsu lau. Na zaɓa da kunnena, na ƙwanƙwasa kowacce. Na ce in sun kai shago a musanya musu da masu kyau, can wurin cikawa in akwai matsala inji zai gane."

"To me ya sa ka goge billen?"

Saleh ya kau da kai.

"Wadda ta ci hannun Mastura ni na tsaga mata," in ji Na'ibi. "Ban cika tsanani ba."

Nan Saleh ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na girgiza. "Kwana biyu ina kallon bawan Allahn nan a tsare. Kullum in ce yau zan faɗa."

"Nawa ka fitar?" in ji Umda.

"Sittin da uku."

Jama'a suka ɗauki salati. Uku ne a hannu. Sittin na cikin kicin ɗin mutane, kuma tun da sun bi ta shago da mota da inji, ba wanda ya san gidan da kowacce ta faɗa. Waɗanda suka fasa wa Mailafiya leɓe ranar Litinin suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya nufi gidansa da makulli a hannu.

Umda ya dafa kafaɗar Mailafiya ya ce ya yi haƙuri, ya tafi, shi zai kira kafilinsa da kansa. Mailafiya ya tashi, ya zo gaban Na'ibi ya durƙusa.

"Baba, na san kowane gida da nake kai wa gas daga nan har Kurayyat. In za ka koya mini abin nan na yatsa, gobe da safe mota na bakin ƙofarka."

Na'ibi ya gyaɗa kai. Bai iya kallon lokacin da aka sa Saleh a mota ba.

* * *

Labari ya riga shi hawa benen. Ya samu Mastura zaune, matan sun watse, ta kafa wa bango ido.

"Na ga shuɗin fenti a farcensa tun watanni," ta ce ba ta juyo ba. "Na ɗauka ƙofar masallaci yake gyarawa."

"Mastura..."

"Ni na ce ka nemo, ka nemo. Ka yi daidai, Yaya. Da ka bar direban nan ya tafi a kan laifin mijina, da ban ƙara cin abinci da kai ba." Ta juyo ta dube shi. "Amma shekara talatin da huɗu muna tare. Kar ka sake hawo benen nan sai na aika."

Ya juya. Har ya kai ƙofa ta kira shi.

"Maƙwabta sun kawo mini wata dabbar, tana kicin. Duba mini kafin ka tafi."

Ya shiga kicin ɗin da bangonsa ke baƙi har yanzu. Sabuwa ce fil, shuɗinta na ƙyalli. Ya durƙusa ya karkata ta, ya zura yatsa. Wurin sumul yake, faɗin farce.

Ya kwance tiyon a hankali, ya rungume ta ya sauka da ita bene biyu, yana hutawa a kowane mataki. A ƙasa ya karkata ta ya murza, ta bi shi tana rawa a hannun dama, hannun hagu ba kowa. Saura hamsin da tara.